Shigar Burtu: Daga Dajin Tasawa zuwa Allon Talabijin

Akwai kalmomin da kan ci gaba da rayuwa bayan abin da ya haife su ya kau. Kusan kullum ana ji a gidajen rediyo cewa wani ɓarawo ya yi shigar burtu ya kutsa gidan biki, ko kuwa wasu ƴan fashi sun yi shigar burtu da kakin soja sun tare hanya. Kowa ya fahimci abin da ake nufi, wato mutum ya sake kama don kada a gane shi. Amma da malami zai tsaya gaban aji a wata kwaleji ta Tasawa ko ta Mayahi ya tambayi ɗalibai ko wane ne ya taɓa ganin burtu da idonsa, balle maharbin da ya ɗaura kan burtu a goshi, da wuya a ga hannu biyu a sama. Abin mamaki shi ne, daga cikin waɗannan ɗalibai akwai waɗanda suka raba dare suna sanɗa, suna jan ciki a cikin ciyawa, suna sake tufafi don su saje da itace da laka. Sai dai dajin nasu yana cikin talabijin, wanda ya shuka shi kuwa mutumin ƙasar Japan ne.

Burtu da maharbinsa

Burtu tsuntsu ne baƙi, mai girman talotalo, da dogon baki da wani tozo a bisa bakin. Ya fi son tafiya a ƙasa da tashi sama, yana taku cikin ƙasaita yana tsintar fara da ƙadangaru da ƙananan macizai. Namun daji sun saba da shi, ba su gudunsa, domin bai taɓa cutar da barewa ko gada ba. Wannan aminci shi maharban ƙasar Hausa suka ara. Akan sassaƙa itace lanƙwasasshe kamar wuyan tsuntsun, a rufe shi da fata, a ɗora masa kan burtu na gaske da bakinsa, a yi masa maɗauri. Maharbi ya ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya duƙa cikin ciyawa, yana tafe yana kaɗa kai kamar mai kiwo, har ya isa inda kibiyarsa za ta kai.

Dalilin wannan wahala duka shi ne baka ba ya kai kibiya nesa, ƙafar mutum kuma ba ta cim ma barewa. Ke nan sanɗa ɗiyar rashin ƙarfi ce. Wanda ba ya iya kamawa da gudu dole ya koyi kamawa da haƙuri. Dole ya san inda iska take busowa, ya bi ta yadda za ta ɗauke warinsa daga dabba. Dole ya san busasshen ganye da kara mai ƙara, ya san lokacin da zai daskare wuri ɗaya idan dabba ta ɗaga kai, ko da kuwa cinnaka na cizonsa. Yaro kan koyi wannan ne a bayan ubansa ko kakansa, shekara da shekaru, yana ɗaukar kwari da gora kafin a yarda ya ja tsarkiya.

A ƙasar Tasawa da Mayahi wannan makaranta ta rasa filinta. Jama'a ta ƙaru, gonakin hatsi da wake da gyaɗa suka haɗe da juna tun daga bakin wani gari har bakin wani. Farin shekarun 1973 da 1974, da kuma na 1984, suka ƙarasa abin da gatari ya rage. Gaskiya ne tun daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi sun komo da itatuwa masu yawa ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon gawo da kalgo da sabara su girma a cikin gona, har abin ya zama misali a duniya. To amma itacen gona inuwa ne da taki da makamashi, barewa ba ta kwana a ƙarƙashinsa. Mai son ganin manyan namun daji a jihar sai ya nausa arewa, gandun Gadabeji. Farauta kanta tana ƙarƙashin dokar da aka kafa a 1998, burtu kuma tun 2018 yana cikin jerin tsuntsayen da ake fargabar raguwarsu a duniya. Kawunan burtu da suka rage suna rataye a ɗakunan tsofaffi, ko kuwa a gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Rumfar wasa

Abin da ya cika yammacin samari a garuruwan da ke bakin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram shi ne rumfar wasa: benci biyu, talabijin, da na'urar PlayStation. Wadda ta fi daɗewa a waɗannan rumfuna ita ce PlayStation 2, da kamfanin Sony ya fitar a shekara ta 2000, aka sayar da fiye da miliyan 150 kafin a daina ƙera ta. Da masu hali na wasu ƙasashe suka koma ga sababbi, tsofaffin suka biyo hanyar da kayan gwanjo ke bi, ta kasuwannin Kano da Katsina da Maraɗi, har suka sami sabuwar rayuwa a ƙarƙashin rufin kwano.

Cinikin rumfa ya dogara ne ga ƙwallon ƙafa. Yara biyu su ajiye ƴan dalolinsu, kowa ya ɗauki abin riƙo, wanda suke kira hannu, a buga minti goma, wanda aka ci ya tashi, wani ya zauna. Kuɗi na shiga, layi na tafiya. Saboda haka wasan da mutum ɗaya ke yi shi kaɗai, wanda zai iya shafe rabin sa'a yana kwance cikin ciyawa bai motsa ba, asara ne ga mai rumfa. Ga kuma matsalar wuta. Lantarkin wannan yanki yana zuwa ne ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa na tune da yadda aka yanke shi daga watan Agusta na 2023 har zuwa Maris na 2024. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar ƙwallo, an yi hasarar minti biyar. In ta ɗauke wa mai dogon wasa bai adana inda ya kai a katin ajiya ba, aikin dare guda ya bi ruwa.

Duk da haka, a cikin tarin faya-fayan da ke zuwa tare da tsohuwar na'ura akan tsinci irin wannan wasa, kuma akan sami wanda zai ƙwallafa rai a kansa. Wani saurayi mai rumfa a Tasawa, wanda ya bar makaranta a aji na uku na kwaleji, ya tsinci faifai mai suna Metal Gear Solid 3: Subsistence. Bai taɓa ba wa kowa hayarsa ba. Sai bayan sallar isha'i, in yara sun watse, yakan ja benci ya zauna da shi.

Asalin wasan

Tarihin wannan wasa ya yi kama da na burtu ta wata fuska. A 1987 kamfanin Konami na Japan ya ɗora wa wani matashin ma'aikacinsa, Hideo Kojima, aikin kammala wasan yaƙi a kan wata ƙaramar kwamfuta mai suna MSX2. Kwamfutar ba ta da ƙarfin nuna sojoji da harsasai masu yawa a lokaci guda. Maimakon ya yi ta fama da abin da ba zai yiwu ba, sai Kojima ya juya wasan: aikin mai wasa ya zama kauce wa abokan gaba, ya wuce ba a gan shi ba. Haka aka haifi Metal Gear, ɗaya daga cikin tushen abin da za a iya kira wasan sanɗa. A can ma rashin ƙarfi ne ya haifi dabara.

Kashi na uku na jerin Metal Gear Solid, mai laƙabin Snake Eater, wato maci-maciji, ya fito a ƙarshen 2004. Labarinsa ya faru a 1964, lokacin yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. An jefa wani sojan Amurka mai laƙabin Snake da laima cikin wani ƙagaggen daji na ƙasar Sobiyet, shi kaɗai, don ya kuɓutar da wani masanin makamai. A nan malamarsa, mace mai laƙabin Boss, wadda ta koya masa duk abin da ya sani na yaƙi, ta juya masa baya ta koma ɓangaren abokan gaba, ta karya masa hannu ta jefa shi kogi. Bayan mako guda aka sake tura shi dajin da umarnin ya kashe ta.

Abin da ya bambanta wannan kashi da na baya shi ne daji. A kusurwar allo akwai wani adadi da ke nuna yadda mutum ya saje da wurin da yake. In ya sa tufafi masu launin ganye ya kwanta cikin ciyawa, adadin ya hau. In ya miƙe tsaye ya ruga, ya faɗi warwas. Yunwa na kama shi, dole ya farauci maciji da kwaɗo da tsuntsu, ya tsinki ƴaƴan itace, naman da ya daɗe a jaka kuma ya ruɓe. In ya bar cikinsa ba komai, hannunsa ya riƙa rawa wajen saiti, kukan cikinsa ma ya iya tona masa asiri. In ya ji rauni shi zai cire harsashi, ya ɗinke, ya ɗaure karaya. Har akwai wata hula mai siffar kan kada, wadda in ya sa ta ya nutsa cikin fadama, masu gadi su ɗauka kada ne. Duk wanda ya san burtu, in ya ga wannan hula sai ya yi murmushi.

Bugu na biyu

Masu karatun zaure sun san tahamisi, inda wani malami kan ɗauki waƙar magabaci mai ɗango bibbiyu ya ƙara wa kowane baiti ɗango uku, ta koma mai biyar-biyar. Waƙar farko tana nan ba a taɓa ta ba, amma wanda ya karanta ta cikin sabuwar rigarta zai ga abin da bai gani ba a da. Kamfanin Konami ya saba yi wa wasanninsa irin wannan. Kashi na farko na 1998 ya sami bugu mai ƙari a 1999, mai suna Integral. Na biyu na 2001 ya sami Substance a 2002. Na uku kuma ya sami Subsistence, wanda ya fito a Japan a Disamba na 2005, ya isa Amurka da Turai a 2006.

Ƙarin da aka yi yana da yawa. An sa tsofaffin wasanni biyu na zamanin MSX2, na 1987 da na 1990. An sa hanyar karawa da wasu mutane ta intanet, wadda aka rufe kafin ƙarshen 2007, wadda kuma dama ba ta taɓa amfanar mai rumfa a Tasawa ba. Amma ƙarin da ya sauya wasan ɗungurungum ƙarami ne a ido: an sauya wurin da mai wasa yake kallo daga gare shi. A bugun farko ana hango Snake ne daga sama, kamar yadda shirwa ke hango ɗan tsako. Wannan kallo ya dace da ɗakuna da lunguna na wasannin baya, amma a daji sai ya zama makanta, domin soja na iya hango mutum daga nesa alhali shi ba ya cikin allo. A bugu na biyu an sauko da kyamara bayan kafaɗar Snake, aka ba mai wasa ikon juya ta yadda ya so. Yana kwance ya iya duban gabas da yamma, ya ga kan soja na tahowa ta tsakanin itatuwa, ya auna tazara, ya yanke shawarar ko ya matsa ko ya daskare.

Dajin bai ƙaru da itace ko ɗaya ba, labarin bai sauya ba, amma an ba mai wasa idon maharbi. Shaidar ingancin wannan gyara ita ce manyan bugunan da suka biyo baya, na 2011 da na 2023, a kansa aka gina su, kuma ko da aka sake ƙera wasan gaba ɗaya da sunan Metal Gear Solid Delta a Agusta na 2025, shekara goma bayan Kojima ya bar kamfanin, an bar wa mai wasa zaɓi tsakanin kallon sama da kallon kafaɗa.

Tsoho da tsoho

A tsakiyar wasan akwai wata karawa da ta yi suna. Abokin karawar wani tsohon maharbi ne mai laƙabin The End, wanda ya haura shekara ɗari, yana kwana yana barci don ya tara sauran ƙarfinsa saboda farautarsa ta ƙarshe. Filin karawar daji ne mai faɗi, kashi uku, ba kiɗa, ba hayaniya, sai kukan tsuntsaye da saukar ruwan sama. Tsohon na ɓoye wani wuri da doguwar bindiga. Ana nemansa ne da sawun ƙafarsa, da ƙyallin madubin bindigarsa in rana ta haska shi, da sautin numfashinsa ko minsharinsa. Karawar na iya kai sa'a guda ko fiye. Shi kuma ba ya kisa: allurar sa barci yake harbawa, in ya ci nasara ya ɗauki mutum ya kai shi kurkuku.

Saurayin nan na Tasawa ya kwana uku a wannan wuri bai wuce ba. A lokacin kakansa na wajen uba ya zo daga wani ƙauye na Gulbin Kaba, cikin ƙasar Mayahi, yana jinyar ƙafa a gidan ɗansa. Tsohon ya yi farauta a ƙuruciyarsa, barci kuma ba ya ɗaukarsa da wuri, don haka yakan dogara sanda ya zo rumfa ya zauna a kan tabarma. Daren farko bai ce uffan ba. A na biyu ya yi tsaki.

"Abokina, kai ke farautarsa ko shi ke farautarka? Tun ɗazu gudu kake yi kamar wanda kare ya biyo."

"Kaka, in na tsaya harbina yake yi."

"Da ka tsaya tun farko da bai san inda kake ba. Koma gindin wancan itacen ka kwanta. Tsoho ba ya son sanyi, duba inda hantsi ke sauka a kan tudu."

Jikan ya yi dariya, amma ya bi. Da ya juya kyamara sannu-sannu yana bin bakin tudun, sai ga wani ɗan ƙyalli. Sauran aikin rarrafe ne, taku ɗaya a tsaya, taku ɗaya a tsaya, ta bayan tudu, har ya tsaya a kan tsohon maharbin bai farga ba. Daga baya jikan ya gaya wa kakan wata dabara da masu wasa suka sani: in mutum ya adana wasan ana cikin karawar ya bar shi mako guda, ko ya tura agogon na'urar gaba, zai tarar tsufa ya kashe abokin karawar. Tsohon ya girgiza kai ya ce wanda ya jira tsoho ya mutu magaji ne, kada ya kira kansa maharbi.

Kogin matattu

Iyaye da malamai na da hujja in sun ƙi wasannin bindiga, domin da yawansu ba su koyar da komai sai ɗokin harbi. Wannan wasa ya ɗauki wata hanya. Ana iya gama shi kusan gaba ɗaya ba a kashe kowa ba, da bindigar sa barci da ɓuya. Kusa da ƙarshe Snake kan faɗa wani kogi tsakanin rai da mutuwa, ya yi ta tafiya cikin ruwa, duk mutumin da mai wasa ya kashe tun farkon wasan ya taso masa ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin raunin da aka yi masa. Wanda ya yi ta ɓarin wuta zai daɗe yana kutsawa cikin kururuwa. Wanda ya kame hannunsa zai tarar da kogin kusan fayau. Ba a yi wa kowa wa'azi ba, an dai ajiye masa lissafinsa a gabansa.

Mutanen wannan ƙasa ba baƙin wannan darasi ba ne. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da Chanoine ta keto ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa tana kashe jama'a, ƙauyuka suna watsewa cikin daji kafin isowarta. A ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb wanda aka aiko ya tsayar da shi. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka juya musu suka kashe su duka biyu. Kaburburansu na nan a Maijirgi, cikin gundumar Tasawa. Masu bindiga da hayaniya sun ƙare a hannun mutanensu, jikokin waɗanda suka san hanyar ɓuya kuwa su ne ke noma wannan ƙasa har yau. Yaron da ya taso yana jin cewa jarumta ita ce tsayawa fili a yi ta harbi yana bukatar wanda zai nuna masa cewa kakanninsa sun san wata jarumtar.

Almajiri da malamarsa

Ƙarshen wasan ya fi shafar malamai. Snake da Boss kan haɗu a wani fili mai fararen furanni, an ba su minti goma. Bayan ya rinjaye ta, tana kwance, sai wasan ya tsaya cak. Ana jiran mai wasa da kansa ya danna maɓallin harbi. Daga baya ne ake sanar da shi cewa ba ta ci amanar ƙasarta ba: umarni aka ba ta ta yi shigar maci amana, ta mutu a hannun almajirinta, a rubuta sunanta cikin maciya amana, don a kauce wa yaƙin nukiliya. Ita ce ta yi shigar burtu mafi girma a labarin, kuma ladarta kabari ne marar suna.

Bugun Turai yana da fassarar Faransanci a ƙasan allo, muryoyin kuma na Ingilishi ne. Saurayin ya riƙa tsintar ma'ana da guntun Faransancin da ya fito da shi daga kwaleji, yana mayar wa kakansa da Hausa. Wannan shi ne karatu mafi tsawo da ya yi tun barinsa makaranta. Da suka kai ga filin furanni ya daɗe riƙe da hannun wasa bai danna ba. Tsohon, wanda ya binne wanda ya koya masa harbi shekaru da dama da suka wuce, bai yi masa ba'a ba a wannan karo.

Abin da allo ba ya bayarwa

Kada a ɗauka talabijin zai maye gurbin daji. Mai wasa ba ya jin iska a fatarsa, ba ya sansanar ƙasa, ƙaya ba ta soke shi. In aka kashe shi yana dawowa, maharbin da zaki ya kama kuwa ba ya dawowa. Yunwar Snake layi ne a kusurwar allo, alhali a ƙasar da ta ga 2005 yunwa ba abin wasa ba ce. Kuma gaskiya ne rumfar wasa na cin kuɗin karin kumallo, tana cin lokacin bitar darasi, wani lokaci har da na salla. Malamin da ya kori ɗalibansa daga rumfa ana gobe jarrabawa bai yi laifi ba.

Amma hani kaɗai bai taɓa rufe rumfa ba. Abin da ya faru tsakanin wannan tsoho da jikansa ya nuna wata ƙofa. Yaron da ya ɗanɗani wahalar rarrafe a allo yana da tambayoyin da babu su a bakinsa a da: yaya ake sanin sawun jiya da na yau, me ya sa ake bin iska, da wane itace ake sassaƙa wuyan burtu, wace addu'a ko wane kirari ake yi kafin a shiga daji, wace dabba ce ba a harbi in tana da ciki. Masu amsar waɗannan tambayoyi suna nan da rai a Korgom da Urafan da Kanambakashe da ƙauyukan Gulbin Kaba, amma kowace damina adadinsu na raguwa.

Mutanen Japan sun ga wasansu ya cancanci a sake buga shi sau da yawa cikin shekara ashirin, kowane bugu da gyaransa, don kada sabon tashi ya rasa shi. Ilimin maharban Tasawa da Mayahi ko bugun farko bai samu ba. Ƙungiyoyin al'adu na da abin yin wannan aiki a aljihunsu, domin wayar hannu ta isa ɗaukar murya da hoto. Malamin Hausa na iya ba ɗalibai aikin tattara kalmomin farauta, irin su sanɗa da haƙo da kwanton ɓauna da bin sawu, kowace da bayanin wanda ya yi ta da jikinsa. Malamin ilimin halittu na iya tambayar dalilin ɓacewar burtu daga gonakin garinsu. Ana iya gayyato tsohon maharbi ranar bikin makaranta ya ɗaura kan burtunsa ya taka a fili, a sa gwanayen rumfar wasa a sahun gaba, domin su ne za su fi kowa gane abin da ƙafafunsa ke yi. Ba a bukatar a kashe ko zomo ɗaya.

Hausawa na cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Karin maganar na rubuce a littattafan makaranta, yara na haddace ta don jarrabawa, amma haƙuri ba a haddace shi, sai an zauna an yi shi. In har wani tsohon faifai daga ƙasar Japan ya iya zaunar da saurayi sa'a guda yana jiran ƙyallin madubi a kan tudu, to yaran ba su rasa haƙuri ba, abin jira ne suka rasa. Ya rage ga malamai da masu kishin al'ada su kai su wurin tsofaffin da suka san dajin gaske, tun suna da ƙarfin duƙawa su nuna yadda burtu ke taku.